Ƙuri'ar Na Uku: Abin da Binciken Jin Ra'ayi Ke Iya Gani a Zaɓen Gwamna Mai 'Yan Takara da Yawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a zaɓen gwamna inda 'yan takara suka haura biyu, ta kafa hujja da sakamakon jihohin Kano da Kaduna na 2023. Matsayinta shi ne, tambayar da aka saba yi wa mutane, wato wa za su zaɓa da a ce yau ne zaɓe, tana auna wanda suke so ne kawai, alhali a takarar mutum uku ko huɗu sau da yawa wanda ake so daban, wanda ake dangwala wa daban. Magoya bayan na uku da na huɗu, da waɗanda suka ƙi amsa tambaya, da waɗanda ba su fito ba, su ne ke raba gardama. Binciken da bai auna inda waɗannan za su karkata ba, ko ya dace da sunan wanda ya ci, bai bayyana zaɓen ba.

Gabatarwa

A watan Satumba na 2022 gidauniyar Anap, wadda Atedo Peterside ke shugabanta, ta fitar da sakamakon binciken da kamfanin NOI Polls na Abuja ya yi mata ta wayar tarho kan zaɓen shugaban ƙasa. Peter Obi ya samu kashi 21 cikin ɗari, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kashi 13 kowannensu, Rabi'u Musa Kwankwaso kashi 3. Kanun labarai sun tafi da waɗannan lambobi huɗu, suka bar biyu mafi nauyi a baya: kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Kusan rabin waɗanda aka kira ke nan. Da aka yi zaɓen ranar 25 ga Fabrairu 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku na biye, Obi na uku.

Tun daga nan mutane suka kasu biyu kan wannan sana'a. Wasu na ganin duk binciken jin ra'ayi aikin kwangila ne, wanda ya biya shi ke zuwa na ɗaya. Wasu kuma sun riƙe lambobin tamkar hukuncin kotu, duk sakamakon da ya saɓa musu to maguɗi ne. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure guda: sun ɗauka aikin bincike shi ne ya faɗi sunan wanda zai ci, sai a yaba masa ko a tsine masa a kan haka.

Zaɓen gwamna ya fi na shugaban ƙasa dacewa da gwada wannan tunani. Fagen ya fi ƙanƙanta, 'yan takarar sanannu ne a unguwa da kasuwa da masallaci, tazarar nasara kuma kan yi ƙaranci har ta kai ɗaruruwa: a 2019 Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe kujerar Sakkwato da ratar ƙuri'a 342. Gidauniyar Anap ta faɗaɗa bincikenta zuwa zaɓen gwamna a wasu jihohi, ciki har da Kano da Legas, don haka tambayar yadda ya kamata a karanta irin waɗannan lambobi ta riga ta iso ƙofarmu.

Lissafin samfuri da iyakarsa

Sukar da aka fi ji a majalisu ita ce, ta yaya mutum dubu za su wakilci masu rajista 5,921,370 da Kano ke da su a 2023? Wannan ita ce mafi rauni cikin dukkan sukar da ake yi. Dillalin hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu kafin ya yanke farashi. Yana soka ƙarfe mai rami a sama da tsakiya da gindin buhun, ya duba abin da ya fito a tafin hannunsa. Girman buhun ba ya ƙara masa aiki. Abin da yake tsoro shi ne buhun da aka yi wa ha'inci, mai kyau a baki, ƙaiƙayi a ƙasa, shi kuma ya tsaya a bakin. Haka lissafin yake: ingancin samfuri yana ga yadda aka zaɓo shi, yawansa na biye.

Tarihin sana'ar ya tabbatar da haka tun 1936. Mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu, yawancinsu daga jerin masu tarho da masu mota, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. George Gallup, da samfurin da bai kai kusa da wannan ba amma ya fi kama da jama'ar ƙasar, ya ce Roosevelt ne, kuma Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48.

Sai dai ko samfurin da aka zaɓo bisa ƙa'ida yana da gejin kuskure. Idan an tambayi mutum 1,000, kason ɗan takarar da ke kusa da rabi na iya sauka ko hawa da kimanin maki 3. Wannan shi ne adadin da ake bugawa a ƙasan rahoto. Abin da ba a cika bugawa ba shi ne, gejin da ke kan tazarar da ke tsakanin mutum biyu ya kusan ninka wancan, wato kimanin maki 6, domin abin da ya ragu daga ɗaya sau da yawa ɗayan yake ƙaruwa da shi. A Kano, Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Ratar 128,897 ta kama kimanin maki 6 da rabi na ƙuri'un da aka kaɗa. Binciken mutum 1,000, wanda kowa ya amsa kuma kowa ya faɗi gaskiya, da kyar zai hango wannan rata. Idan rabinsu suka yi shiru ko suka ce ba su yanke ba, an koma samfurin 500, gejin ya haura maki 8, ratar ta shige cikinsa.

A Kaduna kuwa abin ya fi ƙarfin kowane bincike na yau da kullum. Uba Sani na APC ya samu 730,002, Isa Ashiru Kudan na PDP 719,196. Ratar 10,806 ba ta kai maki ɗaya ba. Kafin lissafi ya iya rarrabe irin wannan, sai an tambayi mutum sama da 70,000. Duk mai binciken da ya ambaci wanda zai ci Kaduna a 2023 kuma ya dace, sa'a ya yi. Amsar gaskiya da lambobi za su iya bayarwa ita ce kan-kan-kan ake yi.

Ƙananan 'yan takara su ma lissafin na cutar da su ta wata fuskar. Mai kashi 3 cikin samfurin 1,000 mutum 30 ne suka ambace shi. Idan a bincike na gaba suka zama 40, jarida za ta ce farin jininsa ya ƙaru da sulusi, alhali mutum goma ne bambancin, wanda canjin lambobin da aka kira kaɗai na iya haifarwa.

Mako uku tsakanin Fabrairu da Maris

Zaɓen 2023 ya ba manazarta wata dama da ba kasafai ake samu ba. An shirya zaɓen gwamnoni ranar 11 ga Maris, aka ɗage zuwa 18 ga wata domin a sake saita na'urorin tantance masu zaɓe na BVAS. Ke nan mako uku ne tsakanin zaɓukan biyu, da rajista ɗaya da rumfuna ɗaya, kuma kowa ya ga sakamakon farko kafin ya shiga na biyu.

A Kano, zaɓen shugaban ƙasa ya ba Kwankwaso 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, Obi 28,513. Ratar NNPP a kan APC ta kusan kai 480,000. Bayan mako uku NNPP ta ƙara 22,323 kacal, APC ta ƙara 373,364, PDP kuma, wadda tikitinta ya sha jeka-ka-dawo a kotu tsakanin Sadiq Aminu Wali da Muhammad Abacha, ta faɗo daga 131,716 zuwa 15,957. Takardar zaɓen na ɗauke da tambarin jam'iyyu da dama, cikin masu takara har da Malam Ibrahim Khalil na ADC, Sha'aban Ibrahim Sharaɗa na ADP da Salihu Tanko Yakasai na PRP, kowannensu da sunansa a gari da masu sauraronsa. Duk da haka mutum biyu suka kwashe sama da kashi 95 na ƙuri'un.

A Kaduna hoton ya fi fitowa sarai. A Fabrairu Atiku ya samu 554,360, Tinubu 399,293, Obi 294,494, Kwankwaso 92,969, PDP kuma ta lashe kujerun sanata uku na jihar. A Maris ɗan takarar LP, jam'iyyar Obi, wato Jonathan Asake, tsohon shugaban ƙungiyar al'ummun kudancin Kaduna ta SOKAPU, ya tashi da 58,283. Sulaiman Hunƙuyi na NNPP ya samu 21,405. Jam'iyyun biyu sun yi asarar ƙuri'a sama da 300,000 a cikin mako uku. PDP ta ƙara 164,836, APC ta ƙara 330,709. Kuma abin da ya rage a hannun Asake da Hunƙuyi, 79,688, ya ninka ratar da ta raba Uba Sani da Ashiru sau bakwai.

Jimillar ƙuri'u ba ta nuna wane mutum ne ya koma ina, kuma kujerun biyu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya zauna a gida a Fabrairu ya fito a Maris, akwai wanda tun farko ya ƙudura yin wake da shinkafa, ya ƙi bin kiran a yi sak. Cancantar Gawuna a idon wasu da ba 'yan APC ba, da batun addini da yanki a Kaduna inda APC ta sake tsayar da Musulmi biyu, duk sun yi tasiri. Amma alƙiblar sauyin ɗaya ce a jihohin biyu: ƙuri'a ta tsere daga na uku da na huɗu ta taru a kan biyun farko. Masanin siyasa Bafaranshe Maurice Duverger ya bayyana dalilin tun 1951. Inda mai rinjaye ke ɗauke kujera shi kaɗai a zagaye guda, mai zaɓe na gudun asarar ƙuri'arsa, sai ya bar wanda yake so ya koma ga wanda zai iya kayar da wanda ba ya so. 'Yan siyasarmu ba su jira littafi ba. A makon ƙarshe za ka ji sojojin baka a gidajen rediyon Kano suna maimaita cewa kada a jefa ƙuri'a a rijiya, ka kuma ga ƙananan jam'iyyu na kiran 'yan jarida su sanar da janyewa, alhali tambarinsu na nan a takardar da aka riga aka buga.

Ba kullum ƙuri'ar na uku ke narkewa ba, kuma idan ta tsaya ma ita ce ke yanke hukunci. A Kano a 2011 Kwankwaso na PDP ya kayar da Salihu Sagir Takai na ANPP da ratar kimanin 60,000, yayin da Lawal Ja'afaru Isa na CPC ya riƙe sama da 170,000. A Taraba a 2023 Agbu Kefas na PDP ya ci da ƙasa da rabin ƙuri'u saboda NNPP da APC sun raba sauran. Ko ta narke ko ta tsaya, mai bincike na bukatar ya san halinta, kuma tambaya guda ba ta isa ta nuna masa ba. Sai ya ƙara uku: idan ka ga gwaninka ba zai kai ba, wa za ka koma wa? Wane ne ba za ka taɓa zaɓa ba ko da shi kaɗai ya rage? Wa kake ganin zai ci, ko da ba shi kake so ba? Amsar ta farko na nuna hanyar da ƙuri'a za ta bi, ta biyu na nuna rufin da ɗan takara ba zai wuce ba, ta uku kuma na nuna ko mutane sun riga sun gane su wane ne biyun farko. Da an yi wa magoya bayan Obi a Kafanchan da Zangon Kataf waɗannan tambayoyi a farkon Maris, da an ga girman abin da ke shirin motsawa, ko da ba a iya faɗin wanda zai ci ba.

Wanda ya yi shiru da wanda bai fito ba

A duba yadda kiran kansa yake. Baƙuwar lamba ta shigo wa ɗan kasuwa a Kantin Kwari da hantsi, ga mai saye a gabansa, ga maigidan shago a gefe wanda kowa ya san inda ya dosa a siyasa. Murya daga Abuja ta ce bincike ake yi, wa zai zaɓa? Abu na farko da zai zo masa shi ne 'yan damfara, na biyu wa ya ba su lambarsa, na uku ko rabon wani tallafi ake shiryawa wanda amsar za ta iya fitar da shi daga jerin. Sai ya ce Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, ya kashe. A takardar mai bincike an rubuta shi cikin waɗanda ba su yanke shawara ba, alhali wataƙila jar hularsa ta magoya bayan Kwankwaso na cikin aljihu, ko hoton Gawuna na manne a bayan babur ɗinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire irin waɗannan daga lissafi, a raba ɗari bisa ɗari tsakanin waɗanda suka amsa. Yin haka na nufin an ɗauka masu shiru sun rabu daidai da masu magana, kuma babu dalilin ɗaukar hakan. Elisabeth Noelle-Neumann ta Jamus ta nuna a shekarun 1970 cewa mutum kan ɓoye ra'ayin da yake jin ba shi ke tashe a kewayensa ba. Ma'aikacin gwamnati da ke shirin zaɓen adawa yana da dalilin yin shiru. Haka mai goyon bayan gwamnati a unguwar da adawa ta cika. Cibiyar Afrobarometer, wadda ke bincike gida-gida a ƙasashen Afirka tun 1999, ta san da wannan har takan rufe hirarta da tambayar wa mutum yake zaton ya aiko masu binciken, kuma da yawa kan ce gwamnati ce.

Waya ma ba ta kai wa ga kowa daidai. Ɗan birni mai layi uku yana da damar a kira shi sau uku. Matar aure a ƙauyen Doguwa ko Tudun Wada mai amfani da wayar maigida, idan an kira shi zai ɗauka, kuma ra'ayinsa za a rubuta. Ga shi kuwa duk wanda ya tsaya a rumfar zaɓe a Kano ya ga tsawon layin mata. A 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, abin da ke tuna mana cewa wuraren da waya ba ta shiga su ne sau da yawa wuraren da ra'ayi kan gwamnati ya fi zafi. Ana iya gyara wannan giɓi ta hanyar ƙara wa amsar waɗanda suka yi ƙaranci nauyi, amma gyaran na bukatar a san ainihin yawan kowane rukuni, ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya kuwa ta 2006 ce. Rajistar INEC, mai ɗauke da jinsi da shekaru da mazaɓa, ta fi zama madogara, duk da sunayen matattu da na waɗanda suka ƙaura da ke cikinta.

Sai babbar matsalar, fitowa. Kusan kowa kan ce wa mai bincike zai fita zaɓe, domin kunya ce mutum ya ce ba zai je ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kimanin kashi 27 na masu rajista ne suka fito, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira. A zaɓen gwamnan Kano kimanin sulusi ne. A Anambra a 2021 Charles Soludo ya zama gwamna da ƙuri'a 112,229, a zaɓen da kusan mutum ɗaya cikin goma ya fito. Idan biyu cikin uku na waɗanda aka tambaya ba za su je rumfa ba, to ra'ayin jama'a da ra'ayin masu zaɓe abubuwa biyu ne. Kamfanin Stears na Legas ya yi abin a yaba a nan: ya fitar da hasashe biyu, ya ce idan an fito da yawa Obi ne, idan fitowar ta yi ƙasa Tinubu ne. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A jihar Minesota ta Amurka a 1998, bincike ya daɗe yana sa Jesse Ventura, tsohon ɗan kokawa, a matsayi na uku. Dokar jihar ta yarda a yi rajista ranar zaɓe, matasan da ba a lissafa da su ba suka fito, ya ci da kashi 37 a gaban 'yan takarar manyan jam'iyyun biyu.

Sharaɗin bazuwa da ma'aunin gwaji

Sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 bai wadatu da rinjaye ba. Sai ɗan takara ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Inda mutum biyu ne ke fafatawa wannan sharaɗi ba ya cika wahala. Inda uku ko huɗu ke da ƙarfi, kowanne da yankinsa, yana iya kai wa ga zagaye na biyu. Samfurin 1,000 da aka raba wa ƙananan hukumomi 44 na Kano na ba kowace kimanin mutum 23, gejin kuskurensu ya kai maki 20. Irin wannan bincike ba shi da abin cewa kan bazuwa. Mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya ware ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, daga sauran, ya kuma ba kowace shiyyar sanata samfurin da zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Akwai kuma tambayar da wane sakamako za a gwada binciken. A Kano a 2019, ranar 9 ga Maris, Abba na gaban Abdullahi Umar Ganduje da 26,655. Aka ce zaɓen bai kammala ba saboda ƙuri'un da aka soke sun fi ratar, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga wata, ciki har da na mazaɓar Gama, Ganduje ya ci da 8,982. A 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba ƙuri'a 165,663 bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu, ta ba Gawuna nasara a watan Satumba. Kotun ɗaukaka ƙara ta bar hukuncin tsige shi a Nuwamba, kotun ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairu 2024. Binciken da ya sa Abba a gaba ya yi daidai a Maris, ya yi kuskure a Satumba, ya sake yin daidai a Janairu, ba tare da ra'ayin mutum ɗaya ya canza ba. Saboda haka binciken kafin zaɓe ba ya iya zama hujjar maguɗi, ba ya kuma iya wanke zaɓe. Kayan aikin da ya dace da wannan shi ne ƙidayar sa-ido irin ta Yiaga Africa, wadda ke tura masu lura zuwa samfurin rumfuna su kwafo sakamakon da aka liƙa. Ita takardu take ƙirgawa, takarda kuwa ba ta jin tsoron faɗin abin da ke cikinta.

Bincike a matsayin makami

Suka mafi ƙarfi a kan matsayin wannan maƙala ita ce: idan ƙuri'ar na uku na gudu zuwa ga biyun farko, to binciken da ya sanar da su wane ne biyun farkon ya shiga cikin zaɓen da kansa. Wanda aka buga cewa yana da kashi 3 zai rasa masu ba da kuɗi, wakilansa su fara neman mafita, kashi ukun ma ya gagara. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa a takara mai mutane da yawa ake ƙirƙiro binciken bogi. A irin wannan fage ɗan takara ba ya bukatar a ce shi ne na ɗaya. Ya ishe shi a ce shi ne na biyu, domin duk masu adawa da na ɗaya su taru a kansa. Daga nan ake samun ƙuri'ar Facebook da ta kiran waya a rediyo, inda masu data da masu kati ke zaɓen kansu, mutum guda ya kaɗa sau goma, washegari a yaɗa hoton sakamakon a WhatsApp da sunan bincike.

Amma hana bincike ba ya kawar da wannan lissafi daga zukatan masu zaɓe. Zai bar su ne su yi shi da ma'aunai mafi muni: cikar filin taro da aka yi hayar motoci aka cika, yawan allunan titi, da bakin sojojin baka. Mai goyon bayan na uku yana da haƙƙin ya san matsayin gwaninsa, sannan ya zaɓa da idonsa buɗe ko ya tsaya ko ya koma. Faransa ta bi hanyar tsari tun 1977, ta kafa hukumar da ke duba yadda aka yi duk binciken zaɓe da za a buga. Ko ba a kai ga doka ba, editoci na iya kafa ƙa'idar a ɗakunan labarai.

Kammalawa

Lambobin Kano da Kaduna sun nuna cewa a zaɓen gwamna mai 'yan takara da yawa, ɗaruruwan dubban ƙuri'u na iya sauya wuri cikin mako uku, ratar nasara kuma ta kasance ƙasa da abin da samfuri ke iya gani. Aikin da bincike zai iya yi da gaskiya shi ne ya nuna girman ƙuri'ar da ta kafu, girman wadda ke iya motsi, da inda ta fi karkata. Wannan na bukatar abubuwa daga ɓangarori uku. Masu bincike su ƙara tambayar zaɓi na biyu da ta wanda ba a so, su haɗa waya da hirar gida-gida da mata ke yi wa mata cikin Hausa, su fitar da hasashe fiye da ɗaya gwargwadon fitowar jama'a, su kuma maimaita aikin bayan zaɓen shugaban ƙasa, tunda shi ke sake raba katin. Kafafen labarai kada su karanta sakamakon da bai faɗi wanda ya biya kuɗin ba, da ranakun aikin, da yawan waɗanda aka tambaya, da yadda aka same su, da kason waɗanda suka ƙi amsawa, kuma wannan kaso ya shiga kanun labari tare da na 'yan takara. Jami'o'in da ke jihohin, irin su Bayero da Ahmadu Bello, suna da sassan kimiyyar siyasa da lissafi da aikin jarida da za su iya gudanar da bincike mai ɗorewa wanda ba na kowane ɗan takara ba, su ajiye bayanansa a buɗe daga zaɓe zuwa zaɓe. Sai an tara irin wannan na zagaye biyu ko uku kafin a iya sanin, da hujja, kashi nawa na masu cewa za su fito ke fitowa a Kano, da kuma ɓangaren da masu shiru suka fi faɗawa a Kaduna.